Tambayoyin da 'yan koyon gyaran farce suka fi yi mini, da amsoshinsu

Shagona yana Aboabo, a nan Kumasi, kuma na daɗe ina karɓar 'yan mata masu koyon gyaran farce. Kowace ta zo da zumuɗin iya ɗora akirilik, wato farcen roba da ake ginawa a kan na jiki, da zanen fure, wannan kuwa hannu ne yake koya da yawan yi. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne sanin farcen kansa: daga ina yake fitowa, me ke lalata shi, wane ne za ki gyara, wane ne za ki ajiye almakashi ki tura mai shi asibiti. Na tattara tambayoyin da ake ta maimaita mini domin 'ya'yana na shago da na wasu shagunan. Ko kin tashi kina cewa farce, ko ƙumba, ko akaifa irin ta mutanen Sakkwato, abu ɗaya muke nufi.

Madam, farce yana da rai ko matacce ne?

Wanda kike gani kina yankewa matacce ne, shi ya sa ba ya zafi. An gina shi da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, shi ne kuma a gashi, da ƙahon saniya, da kofaton doki. Amma yana kwance a kan nama mai rai, mai jini da jijiyoyi. Jan da kike hangowa ta cikin farce, jinin wannan naman ne. Danna farcenki ki gani: zai yi fari, ki saki ya koma ja nan take.

Kaurin farcen hannu bai wuce kamar rabin milimita ba. Ki riƙe wannan a ranki duk sanda kika ɗauki injin gogewa, domin abin da ke tsakanin bakin injin da ɗanyen nama bai kai kaurin katin banki ba.

Waɗanne sassa ne ya zama dole in sani?

Faifan farce, wato abin da muke shafa wa janfarce. Sai shimfiɗarsa, naman da yake manne da shi a ƙasa. Sai tushe, wanda littattafan jarrabawa ke kira matiriks, yana ɓoye a ƙarƙashin fatar da ke gindin farce. Nan ne masana'antar. A nan ƙwayoyin halitta ke haihuwa, su taurare, su mutu, sababbi su turo su gaba. Farin nan mai kama da jinjirin wata da kike gani a gindin babban yatsa, sunansa lunula, bakin tushen ne ya leƙo waje. A wasu yatsun ba a ganinsa ko kaɗan, wannan ba ciwo ba ne.

Akwai kuma fatar da ta kewaye farce ta gefe biyu da ta gindi, da wata 'yar fata a ƙarƙashin bakin farce wadda ta like shi da kan yatsa. Kada ki zura tsinke ko ƙarfe da ƙarfi a can don ciro datti, burushi mai laushi da sabulu sun isa.

Cikin duka, tushe nake so ki fi jin tsoro. Faifai idan ya karye wani zai fito. Tushe idan ya samu mummunan rauni, farcen zai iya fitowa a tsage ko a karkace har ƙarshen rayuwar mai shi.

To kutikul fa, a yanke ko a bar shi? Kwastomomi suna cewa a kwashe musu tas.

Abu biyu ake haɗawa a kira su kutikul, a nan ɓarnar take farawa. Akwai wata siririyar matacciyar fata, fara-fara, da ke manne a kan faifan farce tana biyo shi yana tsiro. Ita ce kutikul ta gaskiya. Wadda ta hau kan faifai za ki iya kankare ta a hankali bayan kin jiƙa yatsa, don janfarce ya zauna. Akwai kuma ninkin fata mai rai a gindin farce, mai jini. Shi ne yawancin masu gyara ke datsewa da ƙaramin almakashi har a ga gindin farce ya yi fayau, kwastoma ta yi murna.

Wannan ninkin da kutikul ɗin da ke ƙarƙashinsa su ne murfin da Allah ya yi wa tushe. Idan kin yanke, kin buɗe ƙofa ga ruwa, da omo, da ƙwayoyin cuta. Bayan kwana uku wurin ya yi ja, ya kumbura. Ko bai kumbura ba, fatar za ta dawo da kauri da kaushi fiye da da, sai kwastoma ta dawo ta ce a sake yankewa, haka za a yi ta yi. Ni a shagona ana jiƙawa, a shafa mai, a tura baya a hankali da sanda mai laushin baki. Abin da aka yarda a yanke kawai shi ne ɗan busasshen reshen fata da ya ɗago a gefe yana kama tufafi. Idan kin ga jini, kin wuce iyaka.

Farce yana tsiro da saurin me?

Na hannu kamar milimita 3 a wata, na ƙafa kuwa kusan rabin haka. Farcen hannu da ya cire gaba ɗaya yana ɗaukar wata 4 zuwa 6 kafin ya cika, na babban yatsan ƙafa shekara guda, wani lokaci har shekara da rabi. Yatsan tsakiya ya fi sauran sauri. Hannun da mutum ya fi aiki da shi ya fi ɗayan sauri, na yaro ya fi na tsoho, mai juna biyu ma nata kan ƙara sauri.

Mu ba ma buƙatar littafi don mu tabbatar. Duba hannun amaryar da aka yi wa ƙunshi. Lallen fata zai goge cikin mako biyu ko uku, amma na farce ba ya gogewa, domin launin ya kama keratin ɗin. Sai dai ya yi ta tafiya gaba, sabon farce fari yana biyo shi daga gindi. Auna farin da ya fito, kin san watannin da aka yi da biki. Ina sa kowace 'yar koyo ta yi wa farcenta ɗaya lalle a makonta na farko, ta riƙa aunawa duk ƙarshen wata. Wadda ta ga wannan da idonta ba za ta yi wa kwastoma alkawarin man da ke tsirar da farce cikin mako guda ba.

Wai farce yana numfashi, sai a riƙa ba shi hutu?

Ba ya numfashi. Abincinsa da iskarsa ta jini suke zuwa wa tushe. Hutun yana da amfani ta wata hanya: asiton, ruwan da muke cire janfarce da shi, yana busar da farce, gogewa tana cinye kaurinsa, kuma idan kullum a rufe yake ba za a ga ciwon da ya fara a ƙasa ba.

Fararen ɗigo a farce alamar rashin kalsiyam ne?

A'a. Ƙaramin bugu ne tushe ya samu makonni da suka wuce, ƙofa ko turmi ko danna kutikul da ƙarfi. Zai tafi gaba a yanke shi. Idan kin lura kwastomominki da yawa suna dawowa da shi, sassauta hannunki.

Na ga wata da rami a kwance a kan dukkan faratanta, a wuri ɗaya. Mene ne?

Tambaye ta ko ta yi rashin lafiya mai tsanani watanni biyu ko uku da suka wuce. Zazzaɓi mai zafi irin na cizon sauro ko taifot, tiyata, wahalar haihuwa, duk suna iya sa tushe ya ɗan tsaya da aiki. Da ya farfaɗo sai wurin tsayawar ya fito a matsayin kwari a kwance. Idan ramin yana milimita 6 daga gindi, ciwon ya yi kamar wata biyu. Kada ki goge farcen don ki daidaita shi da ramin, za ki mayar da shi takarda. Layuka na tsaye kuwa, daga gindi zuwa baki, yawanci shekaru ne kawai.

Akwai wasu siffofi biyu da nake so idonki ya saba da su. Farcen da ya lotsa a tsakiya, gefensa ya ɗago kamar cokali har ɗigon ruwa zai zauna a ciki, yakan tafi da ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe, kuma ana ganinsa ga mata masu yawan zubar jinin al'ada ko haihuwa kusa da kusa. Na biyu shi ne kan yatsu ya kumbura ya yi kamar kan tabarya, farce ya lanƙwaso ya rufe shi. Wannan yana iya nuna ciwon huhu, har da tarin fuka, ko ciwon zuciya. Ba ke za ki faɗi sunan ciwo ba. Naki shi ne ki ce ta je a duba ta.

Baƙin layi a tsaye cikin farce fa? Na ga mutane da yawa da shi.

Ga mu baƙaƙen fata abu ne da aka saba gani, yana kuma ƙaruwa da shekaru. Layi ne siriri mai ruwan ƙasa, sau da yawa a yatsu fiye da ɗaya, ya shekara da shekaru bai canja ba. Wannan launin fata ne kawai ya shiga farce.

Amma akwai wani nau'in sankarar fata, melanoma, da ke farawa daidai da irin wannan kamar, kuma ya fi son babban yatsan hannu da na ƙafa. Alamun da za su sa ki tsaya: layin a farce ɗaya tak yake, sabo ne ga babban mutum, faɗinsa ya kai milimita 3 ko yana ƙara faɗi, launinsa ya cakuɗe wani wuri baƙi wani wuri ruwan ƙasa, ko baƙin ya tsallako ya hau fatar gindin farce, ko farcen ya fara tsagewa yana jini. Mawaƙin nan Bob Marley, wanda babu lungun Kumasi da ba a san shi ba, a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa aka gano ta a 1977, da fari an ɗauka raunin ƙwallo ne. Ita ta yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36.

Jinin da ya taru bayan bugu shi ma baƙi ne, kuma muna yawan ganinsa ga 'yan dako na kasuwar Kejetia da ake take wa ƙafa. Bambancin shi ne jini yana tafiya gaba da farce, wata biyu ki ga gindin ya washe. Wanda ke fitowa daga tushe ba ya barin gindi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mace ta zo ta ce a rufe mata layin da jel mai duhu, wato janfarcen da ake busarwa da fitila, a yi ta rufewa wata bayan wata. Mu ne kaɗai muke ganin farcen nan tsirara. Idan kin ga irin alamun da na lissafa, ki roƙe ta ta je sashen fata a asibitin Komfo Anokye, ko Korle Bu idan a Accra take. Gara ta je a ce mata ba komai.

Yaya zan gane fangas? Kuma koren da ke fitowa a ƙarƙashin akirilik shi ne?

Ba shi ba ne. Fangas ƙwayar cuta ce, ya fi kama farcen ƙafa. Yana farawa daga baki ko gefe, farce ya yi rawaya ko ruwan ƙasa, ya yi kauri, ƙarƙashinsa ya cika da gari-gari, sau da yawa tsakanin yatsu ma yana saɓa da ƙaiƙayi. Zafi da gumi da rufaffen takalmi suna taimaka masa. Yana yaɗuwa ta magogi da kwanon jiƙa ƙafa. Man shafawa da ƙyar yake ratsa farce mai kauri, shi ya sa likita kan ba da ƙwayar tabinafin, mako 6 don hannu, mako 12 don ƙafa, kuma shi ne zai duba ko hantar mutum za ta ɗauka. Ko ƙwayar ta yi aiki, sai lafiyayyen farce ya tsiro kafin a ga kyau, wata da watanni.

Koren kuwa bakteriya ce mai suna sudomonas, mai son danshi. Akirilik ya ɗago kaɗan, ruwan wanka da na wanke-wanke ya shige ya kwanta, sai ta yi gida ta rina farce. Ki cire akirilik ɗin duka, ki rage tsawon farce, ta bar shi a bushe a buɗe. Launin ba ya kankaruwa, sai ya fita da tsiro. Kada ki cike gurbin da ya ɗago da gam, kin kulle ruwa da cuta a ɗaki ɗaya ke nan.

Karkare fa, zan iya huda shi in matse?

Kada ki taɓa. Kumburi mai ja da zogi da mugunya a gefen farce aikin asibiti ne, kuma idan aka yi wasa da shi yana nitsewa cikin yatsa har ƙashi. Akwai ma wani mai ƙananan ƙuraje masu ruwa, wanda ƙwayar bairos ke kawowa, hudawa ƙara shi take yi, ke ma ki kwasa.

Akwai kuma mai daɗewa, wanda ba ya zogi sosai. Za ki gan shi ga iyayenmu masu sayar da koko da wake da shinkafa, da masu wanki, waɗanda hannunsu ke cikin ruwa tun asuba. Gindin farce ya kumbura, kutikul ya ɓace, farce ya fito da gargada. Wata baiwar Allah mai abinci a unguwarmu ta fi shekara tana fama da shi, tana shafe-shafe. Abin da ya taimake ta bayan maganin likita shi ne safar roba lokacin wanke kwanuka da goge hannu ya bushe sosai, sai murfin ya dawo da kansa a hankali.

Farcen ƙafa da ya shiga nama, zan iya ciro shi?

Idan bai yi ja ba, bai kumbura ba, za ki iya yanke shi a miƙe ki goge kaifin kusurwa. Yankan da ake zagayawa a nutsa cikin gefe shi ke jawo matsalar, tare da matsattsen takalmi. Wanda ya yi mugunya ko ɗanyen nama ya tofo, ba naki ba ne.

Kafin ki taɓa ƙafar duk wani babba, tambayi ko yana da ciwon suga. Mai suga sau da yawa ba ya jin zafi a ƙafa, rauninsa kuma ba ya saurin warkewa. Ƙwarzane kaɗan na reza yana iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Ba reza, ba ruwa mai zafi, ba haƙar gefe.

Goge almakashi da sipirit bai isa ba?

Bai isa ba. Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasar nan, ƙwayarsa kuma tana iya rayuwa mako guda a cikin busasshen jinin da ido ba ya gani. Ki fara wanke kayan ƙarfe da sabulu da burushi, domin magani ba ya ratsa datti. Sannan ki tafasa su minti 20 daga lokacin da ruwa ya fara tafasa, ko ki nutsar da su duka cikin maganin kashe ƙwayoyi na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalba. Mai hali ta sayi tukunyar tururi irin ta asibiti. Magogin takarda da soso da sandar katako ba sa wankuwa, na mutum ɗaya ne. Shi ya sa nake gaya wa mazan gidanmu masu kiran mai yankan farce a ƙofar masallaci su riƙa ajiye nasu almakashin.

Ke kanki ki je a gwada ki, a yi miki rigakafin ciwon hantar, allura uku ce. Ghana ta sa ta cikin rigakafin jarirai a 2002, don haka wadda aka haifa kafin nan kada ta ɗauka an yi mata.

Me ke sa yatsu ƙaiƙayi da ƙuraje bayan jel ko akirilik?

Ɗanyen ruwan akirilik ko na jel ne da ya taɓa fata, ko jel ɗin da fitila ba ta busar da shi sosai ba. Jiki yakan yi shiru watanni, rana ɗaya ya ƙi abin, kuma idan ya ƙi ya ƙi ke nan har abada. Mu masu aikin mun fi kowa haɗari. Kada ki goge burushi da yatsanki, ki sa safar hannu, ki buɗe taga.

Ki kula da ruwan akirilik mai araha da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba. Wani yana ɗauke da wani sinadari mai suna MMA, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki mataki a kansa tun shekarun 1970. Za ki gane shi da wari mai hawa kai, da taurin da ba ya narkewa a asiton. Idan yatsa ya bugu, maimakon akirilik ya karye sai ya fizge farcen daga nama.

Kwastomomi suna tambaya ta game da alwala. Me zan ce?

Gaya musu gaskiyar abin da kika sani a sana'arki: janfarce da jel da akirilik rufi ne, ruwa ba ya kaiwa ga farce. Malamai sun ce abin da ya hana ruwa isa ga gaɓar alwala sai an cire shi, shi ya sa mata da yawa ke zuwa a kwanakin da ba sa salla. Lalle rini ne, ba ya tare ruwa. Hadisin Anas ɗan Malik da Muslim ya ruwaito ya ce kada a bar farce fiye da kwana 40 ba a yanke ba. Abin da ya wuce wannan, ta tambayi malaminta.

Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi don ya kama da wuri kuwa, ba na yin sa. Sinadarin PPD da ke ciki yana ƙona fata ya bar tabo daidai da zanen.

Da hunturu farata suna ta karyewa.

Bushewa ce, da yawan shiga ruwa da fita. Man kaɗe a gindin farce safe da dare, a rage tsawo, a rage asiton.

Idan na ƙi yi wa kwastoma za ta yi fushi ta tafi wani shago. Yaya zan faɗa mata?

Kada ki faɗa a gaban jama'a, kada ki yamutsa fuska, kada ki saki hannunta da sauri. Ki riƙe yatsan, ki rage murya. Idan babba ce ki ce: "Hajiya, wannan farcen guda ɗaya ban so in rufe shi yau ba. Akwai abin da na gani da nake so likita ya fara dubawa. Bari in gyara miki sauran tara, idan kin dawo daga asibiti wannan kyauta zan yi miki." Idan sa'arki ce, nuna mata wurin a cikin haske ta gani da idonta, ki ɗauki hoton farcen da wayarta domin ta nuna wa likita, kuma ku iya kwatantawa bayan wata guda. Wata za ta tashi ta tafi duk da haka. Ki raka ta ƙofa da fara'a, sannan ki dawo ki wanke duk kayan da suka taɓa yatsan kafin ki kira ta gaba.